Babur Marar Kaca da Shirun Shekara Ashirin da Uku

Shekara ashirin da uku ke nan, a wannan daminar, da rasuwar yayata, Adda Mairo. Ba ta taɓa riƙe wani muƙami ba, kuma sunanta bai taɓa shiga jarida ba sai yau. Ungozoma ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye tsakanin Kiyawa da Jahun. A bayana ta faɗo daga kan babur ta rasu, da hantsin wata Litinin. Duk wanda ya san gidanmu ya san wannan. Abin da ba a sani ba shi ne abin da ya gabaci ranar, domin mu biyu muka riƙe shi, ni da wani bakanike, shi ma bara ya riga mu gidan gaskiya. 'Yarta tilo, Saratu, shekararta goma sha bakwai a lokacin. A gidana ta ƙarasa girma, ni na aurar da ita, amma ban taɓa buɗe baki na gaya mata yadda aka yi ta rasa uwa ba sai a watan jiya. Masu karatu su yi mini haƙuri, yawancin abin da zan faɗa a kan babur ne, don ban san wata hanyar ba da labarin Adda ba.

Mu 'ya'yan makiyaya ne da suka ajiye sanda suka kama noma. Shekara tara ta ba ni, kuma da mahaifiyarmu ta rasu ita ta ƙarasa rainona. Ita ta yi karatun jinya, ni na yi na injina, na samu aikin gwamnati a Kano a ɓangaren gyaran famfunan ruwa. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka tattaro mu 'yan asalin yankin aka ce kowa ya nufi Dutse. Wanda bai ga Dutsen wancan lokacin ba ba zai gane ba: ofis ɗaya mutum takwas, kujera uku, gidan haya kuwa sai wanda ya san wani. Na samu 'yan ɗakuna a Yalwawa, amma iyalina sun shekara biyu a Kano kafin su biyo ni, ina zirga-zirga duk mako. Wannan zirga-zirgar ce ta kai ni ga babur ɗin.

A wurin wani mai shigo da kayan Kwatano na gan shi, jingine a lungu, ƙura ta rufe shi. Ya daɗe a wurin, kowa ya zo sai ya kewaya shi ya yi gaba, wai ya cika nauyi, ya cika shan mai. Ni kuwa ina ganinsa na ji ƙafata ta ƙi tafiya. Waɗanda suka ƙera shi sun yi shi ne don mutum biyu masu doguwar tafiya a kan kwalta, su yi gudu kuma kada su gaji: rabinsa na tsere ne, rabinsa na bulaguro. Ya zo da littafinsa, da Jamusanci. Ban iya karanta ko kalma ɗaya ba, amma zane da lambobi ba su da yare, kuma a cikin wata biyu na haddace su kaf.

Har yau zan iya zubo su ba tare da na duba ba. Injinsa silinda huɗu ne a jere, kowace da kafiretonta, girmansa ya kusa si-si dubu, wato ninki goma na waɗanda ake acaɓa da su. Ruwa ke sanyaya shi, yana da lagireto da fanka irin na mota. Giya biyar. Ba shi da abin bugawa da ƙafa, sai dai a danna maɓalli ya tashi. Tankinsa yana cin lita ashirin da biyu, in na cika shi sai in je Kano in dawo ban leƙa gidan mai ba. Birkinsa na faifai ne, biyu a gaba, ɗaya a baya. Tayoyinsa ba su da tib, kuma a kan ƙarfe na zubi suke, babu wayar taya ko ɗaya. A gaba akwai garkuwar roba da gilashi mai kare ƙirji daga iska, a baya akwatuna biyu masu makulli, ɗaya a kowane gefe. Agogon gudunsa ya ƙare a ɗari biyu da arba'in, ko da yake ni ban taɓa kai allurar ko kusa da can ba. Nauyinsa da mai a ciki ya haura kilo ɗari biyu da hamsin, buhun gero biyu da rabi ke nan, kuma duk ranar da ya kwanta a rairayin Jigawa sai na nemo ƙarti biyu mun taru kafin ya miƙe.

Na ishi mutane da waɗannan lambobin, na sani. A majalisa, a ofis, har a wurin ɗaurin aure, da wani ya yi kuskuren cewa "Injiniya, wannan babur naka," to ya janyo wa kansa rabin awa. Ni ba injiniya ba ne, ƙaramin ma'aikacin gyara ne, amma sunan ya bi ni kuma ban taɓa hana shi ba.

A shekara ta uku da sayensa mijin Adda ya rasu, ta dawo gidana da Saratu. Wurin aikinta ba ya kan babbar hanya, motar haya sai ranar kasuwa take shiga, don haka na ce zan riƙa kai ta ran Litinin in ɗauko ta ran Alhamis da yamma. Da farko ta ƙi. Ta ce wannan ba babur ba ne, bijimi ne, kuma ita ba ta hawa abin da ya fi ta taurin kai. Na fara jero mata silinda da giya, ba ta ma saurare ni ba. Sai ta shiga kewaya shi a hankali, yadda Baffanmu yake kewaya saniya a kasuwar shanu kafin ya taya. Da ta zo tayar baya ta durƙusa, ta leƙa hagu, ta leƙa dama.

"Buba, ina kacarsa?"

Na ce ba shi da kaca. Na nuna mata wani bututun ƙarfe da ya taso daga injin ya tafi har cibiyar tayar baya, na ce a cikinsa akwai sandar ƙarfe mai juyawa, ita ke tura tayar, komai a rufe yake yana iyo cikin man giya, ko tsinke ba zai samu wurin shiga ba.

"To, wannan ne kaɗai abin kirki da ka faɗa tun ɗazu," in ji ta. "Na goya ka shekara uku, yanzu sai ka rama."

Daga baya ta gaya mini dalili. A asibitinsu ta ɗinke mata fiye da yadda za ta iya tunawa waɗanda kaca ta cafke musu zane ko gefen mayafi, ko wayar taya ta naɗe shi ta fizgo su ƙasa. Wata ta rasa fatar diddige, wata ta karye a ƙugu da tsohon ciki. A cikin duk lambobin da na haddace, Adda abu uku ta ɗauka: ba kaca, ba wayar taya, ga kuma akwatunan nan da suka rufe tayar ta gefe biyu. Sauran duk ta ce surutun maza ne.

Shekara shida muka yi a kan wannan hanyar. Akwatin hagu na kayan aikinta ne, almakashi da safar hannu da auduga da zare da tocila da wani ɗan ƙahon ƙarfe da take kara wa a ciki ta saurari bugun zuciyar ɗa. Na dama na tufafinta ne, kuma a dawowa yakan cika da ƙwan zabi da gyaɗa da man shanu daga gidajen da ta karɓi haihuwa. Hannuwanta biyu a sake suke, ɗaya a kafaɗata, ɗaya tana riƙe da mayafinta. Mun ga shekarun wahalar mai, lokacin da nakan kwana biyu ina bin 'yan bumburutu don kawai Litinin ta same ni da abin kai ta. Mun faɗi sau biyu a rairayi, ta tashi tana kaɗe jiki tana yi mini tas a gaban manoma. Matan ƙauyen sun san ƙarar injin tun daga nesa, kafin mu iso an ɗora ruwan zafi. Ba mace ce mai sanyin baki ba. Takan zagi miji a gaban mahaifinsa idan ya bar mace ta kwana biyu tana naƙuda a gida, amma kuma ita ce za ta zauna a kan macen har sai ta ga abin da Allah zai yi.

Yanzu nakan ga samari a Dutse a kan manyan babura, wasu sun fi nawa girma nesa ba kusa ba, suna ɗaga tayar gaba a titin da a zamaninmu gonar gero ce. Nakan leƙa bayansu, yawanci kaca ce lafceciya a waje tana sheƙi. Na san abin da Adda za ta ce da ta gan su. Za ta tambayi ɗaya daga cikinsu ko uwarsa za ta iya hawa, in ya ce a'a, ta ce to abin wasa ya saya.

Sai aka shigo shekarun shari'a. Ba zan yi ƙarya ba, mun yi murna, ni ma na tsaya cikin rana a wurin taro na yi kabbara har muryata ta dishe. Abubuwa da dama sun canza a gari, kuma cikin waɗanda ido ya fi gani har da suturar mata. Mayafi ya ja baya, hijabi ya shigo, daga mai tsayawa a gwiwa zuwa mai kaiwa idon sawu, zuwa mai share ƙasa. Aka kuma shiga maganar ko ya halatta namiji ya goya macen da ba muharramarsa ba. An yi wa'azi a kan wannan, an yi musu a majalisu. Amma a duk zaman da na halarta ban taɓa jin mutum ɗaya ya ɗaga hannu ya ce, jama'a, yadin da ke jikin matanmu ya ninka, injin da suke hawa kuwa bai canza ba. Ni ma da nake taƙama da sanin inji ban faɗa ba.

Wata Litinin wasu samari da suka ɗora wa kansu gyaran tarbiyya suka tare mu a wajen gari, suka tambaye ni wace ce wannan a bayana. Kafin in yi magana Adda ta riga ni.

"Ƙanena ne, ni na yaye shi. In shaida kuke so, ku sa ya cire hular kwanon nan ku ga tabon da na yi masa da muciya a ƙeya."

Suka yi dariya, suka ba ta haƙuri, suka ce Allah Ya kiyaye hanya. Ta yi ta ba da labarin nan har ƙarshen rayuwarta, kuma kullum sai tabon ya ƙara girma.

Da bazarar shekarar da ta rasu na fara jin wani gurnani daga tayar baya, sannan na ga man giya yana tsattsafowa a jikin ƙarfen tayar. Na kai shi wurin Malam Iro, bakaniken da shi kaɗai nake bari ya taɓa shi a duk faɗin Dutse. Dattijo ne mai ƙarancin magana, rumfarsa a gindin wata darbejiya. Ya kwance cibiyar, ya fito da boris ɗin da tayar ke juyawa a kansa, ya ga ya cinye, robar da ke tare mai ita ma ta yage. Muka aika Kano aka zagaye kasuwar kayan gyara ba a samu irinsa ba. Bayan mako guda Malam Iro ya kira ni, ya ɗora mini wani boris a tafin hannu.

"Injiniya, wannan na wata ƙaramar mota ne. Ciki da waje daidai yake da naka, kaurinsa ne kawai ya gaza da ɗan kaɗan, bai kai kaurin ƙwandala ba. In ka yarda in kai wa masu feƙe ƙarfe a Kano su yanko mini zobe in cike gurbin. Kwana biyu ka hau abinka."

Na ɗauko littafin daga leda, na buɗe shafin, na nuna masa lambar. Na ce waɗanda suka ƙera wannan injin ba mahaukata ba ne da suka rubuta wannan awon. Na ce wannan ba babur ɗin acaɓa ba ne da za a yi masa ɗori da waya da tsumma. Har na ƙara da wata maganar da nake jin kunyarta har yau, na ce irin wannan aikin na a-lallaɓa shi ya hana ƙasar nan ci gaba. Malam Iro ya miƙo hannu. Ya karɓi boris ɗinsa, ya goge shi da gefen riga, ya mayar cikin kwalinsa. Na ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Ikko lambar da tsohon boris ɗin, ya ce in ba shi mako uku.

Mako uku ya zama wata huɗu. Babur yana tsakar gida a lulluɓe da tamfol, kaji suna kwana a ƙarƙashinsa. Sau biyu Malam Iro ya sake tayar da maganar, sau biyu na ce a jira na asali. Don kada Adda ta rasa zuwa aiki sai ya ba ni aron wani ƙaramin babur nasa, irin wanda kowa ke hawa.

A nan sai na yi wa wanda ba ɗan hannu ba bayani. Waɗannan ƙananan baburan suna fitowa daga kamfani da murfin kwano da ya rufe kacar sama da ƙasa. Amma al'adarmu ita ce, da an sayi sabon babur, kafin ma a kai shi gida a sa masa albarka, sai a tsaya wurin bakanike a cire madubai a cire murfin kaca. Dalilin ba ya wuce biyu: murfin yakan yi ƙara idan ya saki, kuma sai an kwance shi kafin a ɗaure kaca ko a ɗiga mata mai. Na Malam Iro ma haka yake. Murfinsa yana nan rataye a wani reshen darbejiyar, da ƙusoshinsa huɗu a ƙulle cikin leda. Duk zuwan da na yi tambayar labarin boris, a ƙarƙashinsa nake tsayawa. Ɗaura shi ba zai ci minti goma ba. Ban taɓa cewa a ɗaura ba, domin a idona wannan ba babur ba ne, abin rage zafi ne kafin nawa ya tashi, bai kai in ɓata masa tunani ba.

Ranar Litinin ɗin an yi ruwa da asuba, gari ya yi sanyi, ana iska. Adda ta fito da sabon hijabi ruwan toka, dogo har ƙasa, da jakar kayan aikinta. Ƙaramin babur ba shi da akwati, don haka tun da muka koma kansa a cinya take rungume jakar da hannu biyu. Ta tsaya ta dubi tayar baya kamar yadda ta saba yi duk mako.

"Buba, har yau abin nan tsirara yake. Ba ka ce za ka sa a rufe ba?"

"Adda, ki tattare kawai ki danne da cinya. Mun makara, ina da taro a ofis. In na dawo zan biya ta wurin Malam Iro."

Wannan shi ne karo na huɗu ko na biyar da na faɗi haka. Ta yi tsaki, ta tattara hijabin ta cusa ƙarƙashinta, ta hau.

Mun wuce Kiyawa da kaɗan, a kan kwalta mai kyau, ba gudu nake ba. Ina jin iskar ce ta zare gefen hijabin daga inda ta danne shi, kuma ba ta da hannun da za ta kama. Abin da na ji kawai shi ne kamar wani ya fizgi babur ɗin ta baya da ƙarfi, tayar ta ƙame, muka tafi ƙasa. Ni gwiwa da tafin hannu kawai na goge. Da na waiwaya tana kwance rigingine a kan kwalta, kacar ta naɗe hijabin har ya shaƙe ta, ƙeyarta ta bugu. Manoma suka yar da fartanya suka sheƙo. Da wuƙar ɗaya daga cikinsu muka yanke yadin, don ya ƙi warwaruwa. Idonta a buɗe yake amma ba ta yi magana ba. Wata motar haya ta tsaya, fasinjoji suka sauka suka ba mu wuri, muka nufi Jahun. Kafin mu shiga gari na ji jikinta ya saki a hannuna. Ma'aikatan da suka fito da gadon turawa sun san ta, ɗaya daga cikinsu ma Adda ce ta koya mata aiki.

A zaman makoki kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka, har gobe. Ba wanda zai ƙara wa Adda numfashi ɗaya a kan abin da aka rubuta mata. Amma imanin bai taɓa goge mini hoton murfin nan a reshen darbejiya ba. Mutane suka yi ta jajanta mini, suna cewa Allah Ya tsare ni, suna yaba yadda na yi shekaru ina ɗawainiya da ita. Na sunkuyar da kai na karɓa. Malam Iro ya zo ranar uku, ya zauna a gefen tabarma, ya yi addu'a, ya tashi bai dube ni ba. Daga ranar har ya koma ga Allah ba mu taɓa tayar da zancen ba, ko sau ɗaya.

Saratu kuwa ba ta yi kukan da ake tsammani ba. Ta yi shiru, ta rame, ta daina zama cikin mutane. Na ce wa kaina maraici ne, kuma tausayinta ne ya sa ba zan ƙara mata da labarin boris da murfi ba. Yanzu da na tsufa zan iya faɗin gaskiya: tsoro ne. Tsoron kada yarinyar da ke gaishe ni a durƙushe kullum safiya ta ɗago ta dube ni da wani ido.

Wata biyu bayan rasuwar ɗan kasuwar nan ya iso da boris daga Ikko, a cikin kwalinsa mai kyau. Malam Iro ya gwada, bai shiga ba, ashe na wani samfurin ne da ya fito bayan nawa. Sai ya buɗe akwatinsa ya ɗauko wancan na motar, ya tafi Kano aka yanko zoben, a kwana biyu babur ya tashi. Na hau shi sau ɗaya daga rumfar zuwa gida, na ji bayana wayam, ban sake hawa ba. Na sallama shi ga wani mai sayar da maganin dabbobi daga Gumel. Bayan shekara shida muka haɗu a wata jana'iza, na tambaye shi cibiyar tayar baya, ya ce ko sau ɗaya bai taɓa kwance ta ba.

Da Adda za ta leƙo yau, na san za ta yi murna da babura masu ƙafa uku da suka cika Dutse da Kiyawa da Jahun, mace ta shiga ta zauna da jakarta da goyonta, ba abin da zai cafke ta. Amma za ta ce a kai ta ƙauyen da ta yi aiki, kuma a can za ta tarar da abin da ta bari: babur mai ƙafa biyu shi ne motar asibiti, shi ne motar kasuwa, kuma har yanzu ana cire murfin kaca ranar da aka saye shi. Tun da na yi ritaya na zama tsohon nan mai bin tashar 'yan acaɓa yana leƙa tayar baya. Sun sa mini suna Baba Murfi. Wasu su yi dariya, wasu su ce sun ji, ɗaya cikin goma ya mayar. Ban taɓa gaya musu dalili ba, sai in ce wata mata na sani.

Rasuwar Malam Iro ce ta tayar mini da hankali, don na ga saura ni kaɗai, ga hawan jini ya fara kai ni asibiti. A watan jiya, bayan la'asar, na je gidan Saratu. Yanzu shekararta arba'in, malamar firamare ce, 'ya'yanta biyar. Na ce ta sallami yaran. Na gaya mata duka, tun daga boris ɗin da na ƙi, da maganar da na yaɓa wa Malam Iro, da murfin da ke rataye a reshe, har da abin da mahaifiyarta ta ce a ƙofar gida da amsar da na ba ta. Na ce ban zo neman ta ce ba komai ba, na zo ne don kada in mutu da shi.

Ta dubi tabarma. Sannan ta ce:

"Kawu, ka san wa ya ɗinka mata hijabin nan?"

Na ce ban sani ba.

"Ni ce. Ni na dame ta wata da watanni, ina ce mata ƙawayena a Islamiyya suna yi mini gori, wai uwata tana yawo a babur da guntun mayafi. Ta ce na aiki ne, dogo ba ya yi mata a hanya. Na yi fushi na daina cin abinci. Na kai yadin wurin tela da kaina, ya auna, na ce ya ƙara taƙi guda. Ranar nan ne farkon sa shi, don ta faranta mini." Ta ɗago ta dube ni. "Shekara ashirin da uku ina kwana ina tashi da cewa ni na kashe Inna. Ina ganin kana yi mini alheri, ina cewa da Kawu ya san abin da na yi da ko kallona ba zai yi ba. Da ka faɗa mini tun a lokacin, Kawu, ai da mun raba shi biyu."

Na zo da shirin ta tsane ni saboda abin da na yi wa uwarta, ban zo da shirin jin abin da na yi mata ita ba. Yarinya 'yar shekara goma sha bakwai ta zauna a gidana, tana cin tuwona, tana ɗauke da wannan ita kaɗai, ni kuma ina ɗaki na gaba ina riƙe da rabin da zai sauƙaƙa mata, ina kiran abin tausayi.

Idan na auna abin da Adda ta bari, ba shi da yawa a ido. Babu gida, babu fili. Akwai mutane a ƙauyuka tsakanin Kiyawa da Jahun, yanzu magidanta da matan aure, waɗanda hannunta ne ya fara taɓa su a duniya, yawancinsu ba su san sunanta ba. Akwai kuma 'ya, wadda ta gado ta a abu ɗaya da ni ban samu ba, wato faɗin gaskiya a fuskar mutum ba tare da ɗaga murya ba. Da na ce mata zan rubuta wannan, cewa ta yi in rubuta duka, kada in cire nata don in kare ta, kada kuma in rage nawa.

Ga shi na rubuta. Allah Ya jiƙan Adda Mairo, Ya jiƙan Malam Iro, Ya haskaka makwancinsu. Saratu ta ce ta yafe mini boris da murfi tun kafin in tashi daga tabarmar. Da na tambaye ta shirun fa, sai ta ce in ba ta lokaci.